Babi na Shida: Yaron da Ya Bar Zango da Fartanya a Kafaɗa

Duk inda aka zauna hirar yaƙin Bama a ƙasar Daura, ba a jimawa sai wani ya jefo tambayar nan: wai kama su aka yi, ko da ƙafarsu suka kai kansu? Mai tambayar galibi yana da dalilinsa. A gidansu akwai wani ƙanen kaka da ake ambata sama-sama, wanda aka ce ya shiga soja tun gemu bai tsiro masa ba, daga nan kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babu hoto, babu kabarin da za a nuna, bai bar ɗa ba balle jika. In ka matsa wa tsofaffin gidan, wannan ya ce maka dagaci ne ya ba da shi, waccan ta ce a'a, rawar kai ce irin ta yaro, ya ga kaki da jar dara ya ruɗe.

Don 'yan baya, Bamar da ake nufi ba ta Borno ba ce. Ƙasa ce can gaba da Indiya, wadda yau ake kira Myanmar, inda sojojin Nijeriya suka gwabza da Japanawa a ƙarƙashin tutar Ingila daga ƙarshen 1943 zuwa 1945.

Ni dai a ganina tambayar ta faro labarin daga tsakiya. Ta ɗauka yaron yana zaune gaban uwarsa aka zo aka ɗauke shi, alhali da yawansu sun daɗe da barin gida kafin su taɓa ganin ƙofar bariki. Saboda haka sai mu koma baya mu bi sawu. Mu ƙaddara yaro guda, ba wani takamaimai ba, ɗaya daga cikin tarin waɗanda suka bi wannan hanya, mu ce an haife shi a wani ƙauye na ƙasar Zango wajen 1927, shekarar da yunwa ta taɓa arewacin Kano da Katsina.

Lissafin rumbu

Zango tana gabas da Daura, a bakin iyakar Nijar. Gari ne mai tarihi, don a nan sarakunan Haɓe na Daura suka yi zaman jira bayan jihadi ya fitar da su daga birni, har Turawa suka zo suka mai da Malam Musa kan gadon kakanninsa. Ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911, bai bar gadon ba sai da rai ya yi halinsa a 1966. Ke nan yaƙin duniya na farko da na biyu duk a zamanin sarki ɗaya suka sami ƙasar Daura. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata kuwa ta ratsa gonaki da zumunta. Mutum yana Yardaje, kawunsa yana ƙasar Magarya, kasuwarsu ɗaya, suna auratayya, amma wannan da sule yake biyan haraji, wancan da tamma.

Ƙasar jigawa ce, ta gero da wake da gyaɗa. Ruwa wata uku ne zuwa huɗu, in Allah ya kawo shi da kyau, sauran watannin kuma rumbu ake kallo. Kowane maigida ya san lissafinsa ba tare da alƙalami ba: dami nawa ya shiga, baki nawa ke gidan, wata nawa ya rage kafin sabon gero ya nuna. In lissafin bai fita ba, ko dai a ƙara dami ko a rage baki, ƙarin dami kuwa ba a hannunsa yake ba. Wannan shi ne asalin cin rani, sunan ma bai ɓoye komai ba. Mutum ya tafi ya ci raninsa a tukunyar wasu, don hatsin gida ya kai mata da ƙananan yara da tsofaffi zuwa damina. Ko bai dawo da anini ba, tafiyar tasa kaɗai riba ce ga gidan.

Sai Bature ya zo ya ƙara wa lissafin nauyi da harajin kuɗi tsaba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka fara yawo, amma yawonsu ya fi ƙarfi kusa da layin dogo da manyan kasuwanni. Mutumin bakin iyaka dole ya bi su inda suke, domin da kaka malamin haraji ba dami yake karɓa ba. Takardar haihuwa kuma babu. Ido ne ke yanke ranar da yaro ya isa a rubuta shi cikin masu biya. Mu riƙe zancen idon nan, za mu sake gamuwa da shi.

Gonar wani

Yaronmu ya fara fita yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, ko dai bayan malaminsu na allo, ko bayan wani kawu da ya san hanya. Kayansa ba su wuce tabarma da ƙoƙo da 'yar fartanya ba. Uwarsa ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli a tsumma, ta raka shi iyakar zaure, ta ce, "To, Allah ya tsare, ka bi kawunka sau da ƙafa." Ba ta ambaci sunansa ba, don ɗan fari ne, kunya ba ta bari. Kudu suka nufa a ƙasa, ta Kazaure zuwa ƙauyukan da ke kewaye da Kano. Wasu kan zarce ƙasar Zazzau, inda damina ta fi tsawo, auduga kuma ke kawo kuɗi.

Aikin rani ba ya ƙarewa: ɗiban ruwa, kwaɓa ƙasar gini, dako a kasuwa, jan jigo a fadama. Shekarar farko, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya kama hanyar gida don a yi shuka da shi. Shekara ta biyu ma haka. A ta uku ne wani manomi mai hali, wanda ya lura yaron ba ya ƙiwa, ya ce masa, "Kai yaro, ka tsaya mu yi damina, in an yi girbi na sallame ka." Ya tsaya. Nan ne hanya ta rabu, ko da yake shi bai sani ba. Ɗan cin rani baƙo ne mai ranar komawa. Wanda ya yi damina a gonar wani kuwa ya zama bara, gonar ubansa ta saba da rashinsa.

Mu dubi yininsa guda a tsakiyar noman fari. A zaure ya kwana, kusa da turken jaki. Da an sallame asuba ya saɓa fartanya ya nufi gona mai nisa, don ta bayan gida 'ya'yan maigida ke yi. Ya duƙa, kunya bayan kunya, raɓa ta jiƙa masa ƙafa, faso na yi masa zogi, har hantsi ya dubi ludayi a kawo fura. Ƙwarya ɗaya ce, amma ya san ba shi zai fara sa ludayi ba. Ya koma ya duƙa har azahar. Kafin ya taso sai ya yanki ciyawar awaki, ya ɗaure ta da igiyar kaba, ya murɗe wani tsohon tsumma ya yi gammo, ya durƙusa ya cicciɓi kayan shi kaɗai ya aza. Daga nan zuwa gida wuyansa a miƙe, idonsa a ƙasa don ƙaya. Tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin ƙotar fartanya.

Ladan kuwa 'yan kwabbai ne, ko riga da salla, ko dami biyu bayan girbi, ko kuma "sai an sayar da gyaɗa". Kada a ce duk iyayen gida azzalumai ne. Akwai wanda ya riƙe bara har ya yanka masa gayauna ya yi masa aure. Amma ko a gidan kirki bara ya san matsayinsa, ya san in wani abu ya taso da za a ba da mutum ɗaya daga gidan, ba ɗan maigida za a nuna ba.

Cikin shekara uku yaron ya ƙware a ɗaukar kaya a ka, da doguwar tafiya ba takalmi, da kwana duk inda dare ya yi, da yin abin da aka ce ba tambaya. Babu wanda ya shirya masa wannan horo da gangan. Sai dai in ka ɗauko abin da sojan Ingila ya zo nema a 1943 ka aza kusa da shi, sai ka ga kamar an auna.

Shekarar 1942

A watan Fabrairun 1942 Japan ta ƙwace Singafo bayan ta mamaye Malaya, inda Ingila ke samun kuza mai yawa. Abin da ya faru can bangon duniya, cikin 'yan watanni ya iso ƙofar dagatai. Gwamnati ta juyo kan kuzar Jos, ta kafa dokar aikin tilas, aka riƙa yanka wa larduna adadin mutanen da za su kawo. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000 zuwa ramukan kuza, jama'a suka sa wa abin suna diban gwamna. Sanyin Filato da ƙarancin abinci da cunkoso sun kashe da dama. Ga hatsin da ake tarawa ala tilas don ciyar da leburori da sojoji, a daidai lokacin da damina ta gaza, yunwar da aka yi wa laƙabi da 'Yar Gusau ta kunno kai. Iyaka ma ta zama abin ɗari-ɗari, domin har kusan ƙarshen wannan shekara Nijar tana hannun Faransawan da suka miƙa wuya ga Jamus.

Umarni daga sama yake gangarowa, daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ya tsaya kan mai unguwa. Shi kuma mai unguwa mutum ne da zai ci gaba da zama da jama'arsa bayan an tafi da waɗanda aka tafi da su. In an ce ya kawo mutum biyu, wa zai kawo? Zai duba wanda tafiyarsa ba za ta jawo masa gaba ba: maraya, baƙo, baran wani, yaron da ubansa ke can wata ƙasa mai nisan kwana huɗu.

A gefe guda kuma ga masu ɗaukar soja sun sauka a kasuwa da ganga da begila. Sule guda a yini, wato kwabo goma sha biyu, ga abinci, ga kaki, ga bargo. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, ana karanta ta da ƙarfi a ƙofar fada da bakin kasuwa, ana ba da labarin Hitila da irin kallon da yake yi wa baƙar fata. Sarakuna sun goyi bayan yaƙin. Kafin a gama shi, 'yan Nijeriya fiye da 100,000 sun sa kaki.

To ga amsar tambayar da muka faro da ita, gwargwadon yadda nake ganinta. Akwai waɗanda aka miƙa, akwai waɗanda suka kai kansu, kuma tsakanin biyun ratar ba ta kai yadda ake zato ba. Yaron da aka ajiye wa ramin kuza a dama, yunwa a hagu, ya tsallaka ya shiga bariki, da wane baki za a ce da son ransa ya tafi? Amma kuma kada mu cuce shi mu ce ba shi da buri. Ya ga soja ya shigo gari da takalmi, bai durƙusa wa dagaci ba, 'yan mata na leƙe. Ga wanda ya shekara uku yana jiran wasu su gama da ƙwarya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Hanyar ma tsohuwa ce. Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa a Ikko, akasarinsu bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu, ya kafa 'yar rundunar da sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa daga gare ta. Lugga ya kafa tasa a ƙarshen ƙarnin. A yaƙin farko, wanda ya zo a kan gaɓar yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914, an kai su Garwa da Mora a Kamaru, daga baya har Gabashin Afirka. A duk tsawon wannan lokaci gidajen mutunci ba sa son ɗansu ya zama sojan Nasara, don haka bariki daga gefen al'umma ya riƙa cika. Cikinsu har da mutanen Damagaram da Zabarmawa da suka tsallako iyaka don gudun diban sojan Faransa, suka ƙare a kakin Ingila. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

"Shekarunka nawa?"

Yanzu ga yaronmu a layi, tsirara daga shi sai ɗan bante, yana da shekara goma sha shida. Likita ya auna tsayinsa da faɗin ƙirjinsa, ya duba haƙora da idanu, ya sa shi ya yi tsalle. Idon nan da ya sa shi cikin masu biyan haraji shi ne yau zai sa shi cikin baligai. Noma ya buɗe masa kafaɗa, dako ya ƙarfafa masa wuya, wahala ta tsofar da fuskarsa. In tafinta ya tambaye shi shekaru, na gabansa a layi ya riga ya raɗa masa abin da zai ce.

Wannan ba ƙage ba ne. Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga Emure-Ile kusa da Owo, yana ɗan shekara 16 ya shiga a 1942. An harbe shi a kwarin Kaladan da ke Bama a watan Maris na 1944, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi wata da watanni, ya rayu har 2012, ya kuma rubuta labarinsa. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, da ya tashi rubuta ƙagaggen littafinsa Burma Boy a 2007, yaro mai jin Hausa da bai kai sha biyar ba ya ɗauka ya yi tauraro, wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi. Bambancin yaronmu da Fadoyebo shi ne Fadoyebo ya yi makarantar boko, ya kuma dawo.

Daga wurin likita sai teburin akawu, kuma a nan ne abin da zai ɓatar da shi ya faru, cikin minti biyu. An tambaye shi suna, ya faɗa. Sunan uba kuwa, yaron Hausa na wancan zamani ba ya kama sunan ubansa gatsau a gaban mutane. Daga ina? Sunan ƙauyensu ba wanda ya sani a nan, sai ya ce Daura. Akawu ya rubuta sunansa, ya bi shi da Daura, ya ba shi lamba, ya kama babban yatsansa ya dangwala. Shi ya sa in ka bi jerin sunayen sojojinmu na wancan lokaci za ka yi ta cin karo da wane Kano, wane Katsina, wane Sakkwato, wane Bauchi. Wasu ma da gangan suka sauya suna, don kada uba ko maigida ya biyo sawu.

Gizo da gammo

Ya zama kurtu. Aski ƙwal, allurar rigakafi, fareti tun duku-duku, takalmi mai nauyi a ƙafar da ba ta taɓa sa shi ba. Zariya ce cibiyar horar da kurata tun 1924. Hausa ce harshen bariki shekara da shekaru, amma a wannan yaƙi aka matsa sai an koyi Turancin umarni. Bulala kuma ba ta daina aiki a bayan sojan Afirka ba, ko da yake an daɗe da ɗauke wa sojan Bature ita. Mai son guduwa ya makara, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Daga nan jirgin ƙasa zuwa Ikko, sai jirgin ruwa. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba ya yi makonni a kan teku, an zagaya da shi ta ƙasan Afirka ta Kudu har Bombay.

Runduna biyu aka haɗa daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya: ta 81, wadda aka kafa a watan Maris na 1943, da ta 82 a watan Agusta. Kowacce da tambarin da ake ɗinka wa soja a kafaɗa. Na ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, an ɗauko shi daga tatsuniyoyin Ashanti, amma Bahaushe bai buƙaci a yi masa bayani ba, ya san Gizo tun a gaban kakarsa. Na ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo dai da ka sani, na ɗan dako. Ban taɓa ganin tambarin da ya faɗi gaskiyar aikinsa kamar wannan ba.

Dalili kuwa shi ne yankin Arakan na Bama, inda aka tura su, duwatsu ne da dajin gora da rafuka, babu hanyar mota. Manyan hafsoshi suka ga cewa rundunar da ke ɗauke da kayanta a ka za ta shiga inda babbar mota ba ta shiga. Sai aka kafa ƙungiyoyi na musamman na masu ɗaukar kaya, dubban mutane, sojoji ne a rubuce, da lamba da albashi, amma akasarinsu adda ce makaminsu. Su ke ɗaukar harsashi da albarusan igwa da na'urar waya da abinci, su ke ɗauko wanda aka harba a kan makara, su ke sare daji a yi filin da jirgi zai sauka. Da runduna ta 81 ta doshi kwarin Kaladan a ƙarshen 1943, da adda da diga da shebur suka fasa hanyar ƙaramar mota ta fiye da mil 70 a cikin tsaunuka. Sassabe ne dai da ɗaukar ciyawa, an sauya musu gona.

Abinci daga sama yake zuwa. Ta 81 ce babbar runduna ta farko da aka ciyar kacokan ta jirgin sama, ana jefo kaya da laima, wasu buhunan ma haka nan ake sako su ba laima, wanda tsautsayi ya rutsa da shi a ƙasa sai dai wani ba shi ba. Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su aka haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, aka sauke su da jirage a bayan layin Japanawa a 1944. A wannan shekara ce Sarkin Katsina Usman Nagogo, bai daɗe da hawa gado ba, ya je har Indiya da Bama ya gai da sojoji.

Ka ƙaddara yaronmu a tsakiyar layi, mutum bayan mutum, a kan wata siririyar hanya a gefen tsauni. Akwatin harsashi a kansa, gammon ya jiƙe ya lotse. Ruwan da ke sauka a Arakan cikin wata guda na tsakiyar damina ya fi wanda Zango ke gani a shekara. Matsattsaku sun shige masa takalmi, ba halin tsayawa ya cire. Gora ta rufe sama, ba ya ganin abin da ke taku goma gabansa, shi da ya tashi inda ake hango raƙumi tun yana nisan rabin yini. In Japanawa sun yi kwanton ɓauna, mai bindiga zai faɗi ƙasa ya mai da wuta. Shi kuwa sai ya fara sauke kayan gwamna tukuna.

Inda labari ya yanke

Ba lallai harsashi ne ya kashe shi ba. A yaƙin Bama cuta ta kwantar da mutane fiye da bindiga nesa ba kusa ba: zazzaɓin sauro, atini, da wani zazzaɓi mai zafi da ƙananan ƙwarin ciyawa ke sa wa mutum. Ko ma dai wanne ne, mu ce ya cika kafin rundunonin biyu su haɗu su ƙwace Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan, a watan Janairun 1945. Bai cika shekara goma sha takwas ba. In an sami sarari, abokansa sun haƙa masa rami da adda, bargonsa ya zama likkafani, limamin bataliya ko wani mai ɗan karatu ya ja salla, aka kafa gora a kai. Damina biyu ta isa daji ya shafe wurin.

Bayan yaƙi an tattaro gawarwakin da aka iya ganowa zuwa maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, inda akwai kaburbura fiye da 6,000. A tsakiyarta akwai ginshiƙai da aka sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san inda suke kwance ba, cikinsu har da na Nijeriya. Waɗannan ma sun fi iyayensu na yaƙin farko sa'a. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, har ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa.

Saƙon mutuwa kuma ta hanyar da umarni ya bi zai biyo, daga ofishin soja zuwa lardi, zuwa En'e, zuwa hakimi. Takarda ta iso da sunan wane Daura. Wane Daura nawa ne a ƙasar Daura? In kuma garin maigidansa ya bayar, can takardar za ta nufa, inda aka san shi da "yaron nan na gidan wane", aka kuma daɗe da samun wani a madadinsa. Da magidanci ne, da matarsa ta kai ƙara gaban alƙali, a yanka mata shekara huɗun da mazhabar Malikiyya ta tanada ga matar wanda ya ɓata, ko ba komai sunansa ya shiga littafin kotu. Da yana da gona, da an yi rabon gado an ambace shi. Yaro ba shi da ko ɗaya. Saura uwa, ita kuwa ko da yana gabanta ba ta kama sunansa. Ta ci gaba da cewa "yaron nan" duk sanda hadarin farko ya haɗu 'yan cin rani suka fara dawowa, har ita ma ta bi. Jikokin ƙannensa suka gaji "yaron nan" ba suna.

Sunayen da suka dawo gida lafiya galibi na wuraren da aka mutu ne. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Arakan da Myohaung a Ikko, duk daga wannan yaƙi aka samo su. Har Dodan, inda fadar mulkin ƙasar nan take daga 1966 zuwa 1991. Bahaushe in ya ji Dodan sai ya zaci dodo ake nufi, alhali wani wuri ne a Arakan. Yara daga Zango da Baure da Sandamu suna shiga waɗannan ƙofofi har gobe don neman kaki, da takardar haihuwa a hannu wannan karon.

Mutanen da suka dawo kuwa, akasarinsu a 1946, sun sauka da akwatin ƙarfe, da 'yan kuɗin sallama, da Turancin bariki, da idon da ya ga Bature yana kuka yana gudu kamar kowa. Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Babi na gaba zai bi waɗannan mazan jiya daga tashar jirgin Kano zuwa ƙauyukansu, mu ga abin da ya faru ranar da tsohon bara ya tsaya gaban dagacin da ya ba da shi, da takalmi a ƙafarsa.